"To" Ɗin Matar Mai Aski

"To wai me ta yi maka?" in ji yayan matar mai aski, yana zaune a kujerar aski da tawul a wuya.

"Ba ta yi komai ba, Yaya. Ciwon ke nan."

Mai aski ya kashe injin, ya bar rabin kan da gashi. Tun yana saurayi yake wannan shago mai tsagaggen madubi, kuma unguwa ta san shi da kunne: mai rigimar gado, mai kukan rashin aiki, duk a kujerarsa suke juye cikinsu. Amma in ya koma gida, kalma ɗaya ce ke jiransa. Ɗaki fes, yara sun yi wanka, ruwansa na banɗaki. Ya ce ya gaji, ta ce "To." Ya ce ya yi kewarta, ta yi murmushi ta ce "To."

"Rannan da gangan na ce mata gishiri ya yi yawa, alhali bai yi ba. Wallahi so nake ta yi fushi, ko harara ce in samu. Ta ce 'To,' ta ɗauke kwanon."

Yayan ya tuntsire da dariya. "Daɗi ne ya yi maka yawa. Zo gidana ka ji tawa in ta fara, ko rediyo shiru yake yi."

"Ban raina ba, Yaya. Amma kamar ina tsaye ne a bakin ƙofa a rufe. Sona take yi, ko haƙuri take da ni?"

"Wai Auta ce ba ta magana? Mu fa Aku muke ce mata a gida!" Sai ya hango fuskar mai aski a madubi, ya sassauta murya. "Ta ce min a gidanka ta fara samun inda ba sai ta yi surutu ba kafin a kula da ita. Hutawa take yi, malam."

Mai aski ya yi tsaye da injin a hannu. Ashe akwai wata Aku, shi bai taɓa jin ta ba. In ya matsa mata, ya ƙwace mata hutun. In ya ƙyale, haka zai tsufa yana jin cikin kowa ban da nata.

"Ka ƙarasa min mana, ko haka zan fita yara su bi ni?"

Ya ƙarasa masa askin. Ya kaɗe tawul, ya zuba reza da almakashi a jaka. Akwai wani tsoho marar lafiya da ke jiran aski a gida, hanyar kuma ta ƙofar gidan mai askin ta bi. Ya ja ƙofar shago ya kama hanya, bai san ko zai leƙa ba.