Saiwa bakwai da suka tafi ƙasar Katsina

Bana shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta a Makka, kuma har yau idan na ga an ƙulla magani a farin tsumma sai gabana ya faɗi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muka shigo ta Sudan, muka zauna a unguwar Misfala a Makka, inda take kasa saiwoyi da ganyayyaki a bakin lungu. Nakan taya ta, kodayake ita kanta takan ce bakina ya fi hannuna aiki.

Cikin kayanta akwai jadawar, wata baƙar saiwa mai tsini da alhazan ƙasar Hindu ke kawowa daga duwatsunsu, ana jiƙa ta a sha don mura da ciwon jiki. Matsalar ita ce akwai wata mai kama da ita, bish, wadda guba ce tsantsa. In sun bushe, sai wanda ya sani. Shi ya sa Yaya ba ta sayen saiwa sai an kawo ta da reshenta da busasshen furenta. Furen jadawar shuɗi ne, da ɗan tsini a bayansa kamar na ƙafar zakara, na bish kuwa hula gare shi. Sannan ta tsare mai kayan da guntun Larabci da nuni da hannu: a ina ya haƙo? A gangaren dutse mai ciyawa inda rana ke duka, ko can sama wurin danshi kusa da ƙanƙara? Ni a ganina ƙa'idar ta yi yawa, har nakan tsokane ta da alƙaliyar ciyawa.

Wata shekara cikin shekarun alif ɗari tara da sittin, bayan saukowa daga Mina, zazzaɓi ya kwantar da ita, na zauna a kan kaya. Wani mutum ya kawo saiwa cikin jaka, ba reshe ba fure, ya ce jadawar ce. Na ga baƙa ce mai tsini, na karɓa. Ranar kuma wata hajiya 'yar ƙasar Katsina, doguwa mai wushirya, ta zo neman tsaraba, na ƙulla mata guda bakwai a farin tsumma. Ta ce mahaifiyarta za ta kai wa, ta jiƙa mata da zamzam. Kun dai san mutanenmu, abin da ya fito daga Makka ba a yi masa tambaya, albarka ce kawai.

Bayan kwana biyu Yaya ta fito. Ta zazzage jakar, ta ware wasu gefe, ta karya ɗaya ta ɗan taɓa a harshe. Nan take ta tofar, tana murza leɓe.

"Rakiya, harshena ya mutu. A gauraye suke. Wa kika ba?"

Ko sunan matar ban sani ba. Da tsakar rana muka shiga bin gidajen da mutawwifai ke sauke alhazanmu, gida gida, muna kwatanta doguwa mai wushirya. A na ƙarshe aka ce mana ayarin Katsinawa sun hau mota zuwa Jidda tun jiya. Yaya ta bi su da zazzaɓinta. Bayan kwana uku ta dawo a rame, ta ce jirginsu ya tashi.

Ba ta taɓa zagina ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wataƙila bakwai ɗin masu kyau ne. Allah ya sani, mu ba mu sani ba." Daga nan duk shekara, da zarar ta ji bakin Katsinanci a lungunmu sai ta bar ciniki ta hau tambaya, ta kuma ba da sallahun gargaɗi a kai ƙasar Katsina. Har ta rasu ba wanda ya dawo mana da amsa.

Yanzu lungun nan babu shi, dogayen benaye ne a wurin. Jikata takan nuna mini a waya yadda ake tallar magani dakakke a cikin leda, ba ganye ba fure, ba wanda ya san dutsen da ya fito. Nakan yi tunanin Yaya a gaban wannan ledar. Na san ba za ta yi faɗa ba, tambayarta ɗaya za ta yi, a ina aka haƙo, kuma ba mai amsa mata. Wannan yana ba ni tsoro.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Tambayar nan ta bari, da sallahun da ya rage a wuyana, ni da na ƙulla tsumman da hannuna. Don haka ina roƙon ku, mutanen ƙasar Katsina: tsofaffinmu kan adana tsarabar Makka shekara da shekaru a ƙasan adaka. Wanda ya tarar da baƙar saiwa mai tsini a farin tsumma cikin kayan kakarsa, don Allah kada ya jiƙa wa kowa. Ya binne ta, ya yi wa Hajara addu'a, ni kuma ya yafe mini.