Ranar da Na Wanke Albasar Iri

Har yau in na bi ta kasuwa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya doke ni, sai yawu ya cika mini baki. Wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, mai manne wa tufa, kuma sabulu ba ya fitar da shi a wanki ɗaya. Na tsane shi, kuma ina da dalili.

A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi. Gidanmu kuwa yana wani ƙauye kusa da Argungu, inda mahaifina yake noman albasa a fadama. Albasarsa ja ce jawur, mai ƙarfin jiki, irin da ya gada daga kakanmu. Kowace shekara yakan zaɓi manya-manya lafiyayyu ya ajiye a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Su ne za a mayar ƙasa bayan damina su yi fure su ba da iri. Mutane kan zo daga nesa roƙon irin nan, shi kuma bai taɓa roƙon na kowa ba.

A makaranta muna da wani malami Ba'indiye wanda ba ya gajiya da zane a allo. Wata rana ya shigo da ruɓaɓɓiyar albasa a faranti, ajin duk ya toshe hanci. Ya ce abin da ke riƙe jikin albasa wani danƙo ne da aka yi da ƙwayoyin sukari a jere, kamar tazbaha. Ƙwayar cutar da ke ruɓar da ita ba ta da haƙori, sai ta fitar da wani sinadari da ake kira inzayim. Ya zana shi dunƙule, da tsagi a gefe guda. Jeren sukarin nan yakan kwanta a cikin tsagin daidai wa daida. A bakin tsagin akwai wasu 'yan hannuwa masu tsami: ɗaya ya raunana mahaɗar da ke tsakanin sukari biyu, wani ya kamo ɗigon ruwa ya cusa a wurin, sai jeren ya tsinke. Inzayim ɗin ya saki guntayen, ya kama na gaba. Ba ya dakushewa, ba ya ƙarewa. Haka albasa take narkewa ta zama kunu, ƙwayoyin cutar su sha su hayayyafa.

Na haddace wannan tsaf, na ci jarrabawa a kansa. Da aka yi hutu na koma gida da kaina a kumbure.

Damina ta sauka, rufin rudun ya ɗan yi yoyo a kusurwa guda. Na tarar da mahaifina yana fitar da albasar ɗaya-ɗaya, yana matsa wuyan kowace da babban yatsa, yana shanshanawa. Wadda ta yi laushi sai ya jefar da ita can nesa. Waɗanda ruwan ruɓar ya shafa kuwa, goge su kawai yake yi da busasshiyar ciyawa ya shanya a inuwa. Abin ya ba ni ƙyama. Na tsuguna na zana masa tsagin nan a ƙasa, na yi masa bayani tun daga farko, na ce gogewa ba ta kawar da ƙwayar cuta, wankewa ake yi.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, albasa in ta hita ƙasa ba ta son ruwa. Kak ka taɓa min su."

Malam ɗin nan zolaya ce, na kuwa ji ta har cikin raina.

Ranar Juma'a ya tafi Argungu, kasuwa da masallaci. Ni kuma na gangaro da rabin duro, na cika da ruwan rijiya. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Kai, mi kaka yi haka? Babanka ya hana hwa." Na ce mata wannan ilimi ne. Na kwashe albasar irin kaf, masu tabo da marasa tabo, na zuba a ruwa ɗaya, na cuɗa su da hannu har ɓawon wasu ya saluɓe. Ruwan ya yi kauri, ya yi yauƙi, ban canza shi ba. Na tsame su suna ƙyalli, na mayar rudu tun ba su gama bushewa ba don kada ya dawo ya tarar. Na tsaya ina kallonsu ina jin daɗi, wai na yi aiki.

Da yamma ya dawo ya ga albasa tana ƙyalli. Ya sauke ta duka ya baje a inuwa. Hadari kuma ya ƙi wucewa, iska ta yi nauyi.

Cikin 'yan kwanaki wari ya tashi. Ƙudaje suka yi sansani a gidan. In ka ɗauki albasa sai ka ga waje lafiya lau, ka matsa kaɗan yatsa ya nutse, wani farin ruwa ya tsarto ta wuyan. Wata in ka ɗaga sai cikinta ya zubo, ɓawon ya rage a hannunka. Na yi amai sau biyu a bayan rumbu. Mahaifina bai ko yamutsa fuska ba, ya zauna yana zaɓa, yana neman ko guda goma da za su kai lokacin shuka. Ni ne mai kwashe ruɓar a kwando zuwa juji, ruwan yana tsiyayo mini a wuya.

Da kwandon ƙarshe ya tafi, babu abin da ya rage. Mahaifina ya goge hannunsa da ƙasa, ya dube ni.

"Abin nan da ka zana min," in ji shi, "mai tsagi. Da mi ka ce shina yanka?"

Na ajiye kwandon. Ya jira.

"Da ruwa, Baba."

"To, ashe na ji daidai."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Amsar tana cikin littafina, da rubutun hannuna, har da jan layi a ƙarƙashinta.

Da lokacin yayyafa iri ya zo, babu ko ƙwayar irinmu a gidan, na gan shi ya sa hularsa ta Juma'a a ranar da ba Juma'a ba. Ya tafi gidan wani maƙwabci wanda shekara da shekaru shi ke zuwa ƙofarmu roƙo. Ya dawo da ɗan ƙullin iri a tsumma, ya miƙa wa mahaifiyata ya ce ta ajiye. Albasar da ta fito a shekarar ba laifi, ta yi girma, amma fara-fara ce. Jar nan ta kakanmu ban sake ganinta a gonarmu ba.