Filafilin Tsohuwa da Saukata a Mashigin Gawa

Jama'a, tun ba a yi nisa ba in gaya maku gaskiya: ni ban ce za ni ba, ja na anka yi. Ina zaman lafiya da kabu-kabuna, ina kwasar fasinja daga kasuwa zuwa tasha, sai tsohuwar nan, kakarmu ta Ƙofar Atiku, tat tashi da rigima. Wai ƙafafu sun ƙi, ido ya rage, ita dai a tahi Gungu a ɗebo mata labarin wurin tun tana da kunnen ji. Gungu wani tsibiri ne nan bayan gari, a tsakiyar gulbi, inda anka haife ta kafin kakanmu mahauci ya ɗauko ta zuwa birni. Kuma a gaban kowa tac ce wanda duk yak kawo mata labarin yadda ya kamata, shi za ta ba filafilin babanta.

To ku ji inda ciwon yake. Filafilin ga, wato icen tuƙa jirgin ruwa, shina rataye bisa gadonta tun ba a haife ni ba. Baƙi ƙirin, mariƙinsa ya yi sulɓi don hannu. A ɗakin nan nit tashi. Na sha dundu a kansa ranar da nis sauko da shi ina wasan bindiga. Duk gidan an san nawa ne, lokaci kawai ake jira. Sai ga taubashina, ɗan ƙanwar babana, mai karatun tarihi a jami'a, mai tabarau da wani shafi na labaran da, mabiya awa tururuwa. Ni Furofesa nike ce mashi. Tsohuwa tad dube mu tac ce, "Furofesa shi tahi shi ɗauko. Kai kuma maigida, ka kai shi bisa mashin." Kun ji fa. Ni mijinta na cikin gida, mai sayo mata goro da man zafi, ni anka mai da direba.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla. Na biya unguwar Gidan Dare na ishe shi ya ci kwalliya awa mai zuwa neman aure: farin yadi, jaka a baya, sandar ɗaukar bidiyo mai ƙafa uku, har da ɗan abin maganar nan da ake maƙala ma mutum a wuyan riga. Gwaggo ta rako shi har ƙofa da addu'a da ƙullin soyayyen nama. Ni ko "Allah shi kiyaye hanya" sai da nit tuna mata.

Mun tsaya bakin hanya mun sha kunu da ƙosai. Ƙosan zamanin ga kuwa ya koma awa ƙwayar magani, sai ka haɗa uku kafin haƙori shi san an zo. Gidan mai kada ma ku tambaya, na ga mita tana gudun da mashin ɗina bai taɓa yi ba. Daga nan kwalta ta ƙare munka gangara fadama. Ƙarshen damina ne, shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganinka, manoma sun riga rana hitowa, amalanken rake na tahe shanu na jansa a hankali awa ba su da ubangida. Hanyar duk laka da ramukka. Allah shi ne shaida, ba ramin da nik kauce ma. Kafin mu kai bakin gulbi farin yadin Furofesa ya koma kalar kunun gyaɗa da anka zuba ma tsamiya, ni kuwa raina ya ɗan yi sanyi.

Mun bar mashin wurin wani mai shayi munka shiga jirgin fito, mu da wasu mata masu komawa gida da gishiri da manja. Nan ma ban tsira ba. Furofesa na buɗe baki yac ce mu jikokin ɗiyar mai fiton shanu ne, sai mai jirgi yad dakata da tuƙi shina kallonsa awa ya ga wata sabo. "Mu" yac ce fa, amma kunnen kowa shi kaɗai yaj ji. Wata dattijuwa ta miƙa mashi hura a ƙoƙo. Ni ma an miƙo mani ƙoƙo, amma na kwalfe ruwan da ke shigowa ta ƙasan jirgi.

Daga tsakiyar gulbi in ka waiga, ga birni nan kusa, ga hasumiyoyin masallatai, ga ƙarafunan sabis, har hon ɗin motoci kana ji sama-sama. Na yi shekaru ina yawo bisa mashin, ina cika baki ba lungun da ban sani ba a Sakkwato, ashe ga gari guda a bayan kunnena. Amma ni lokacin ba wannan ke raina ba. Lissafi nike yi. Furofesa na da tabarau, na da tambayoyi, na da mabiya. Ni mi gare ni? Ƙafa. In na riga shi taka ƙasar Gungu, ko ba komai in mun koma ina da abin cewa: Tsohuwa, mijinki ne yaf fara sauka garinku.

Da munka matso, sai nih hango inda jirage ke tsayawa, can gaba, cunkushe da laka da mata masu wanki. Amma kafin nan jirginmu ya bi ta gefen wani mashigi mai kyau, ƙarƙashin wani babban baure. Farin yashi, an share shi tas, har da duwatsu jere awa matakala. Ba kowa. Nic ce a raina, mutanen ƙauye dai ba su san wuri mai kyau ba. Na duba na ga Furofesa ya saita waya shina ɗauka, nic ce madalla, shi da kansa za shi zama shaida. Sai nid daka tsalle.

Ruwa har ƙugu. Mai jirgi na ihu, "Kai! Kai! Ba nan ba!" Dattijuwar na salati. Ni ko ina, na kutsa na haye bisa yashi na ɗaga hannu biyu nik kwarma, "Tsohuwa, ga mijinki ya riga kowa!"

Shiru. Irin shirun da har kwaɗi sunka taya. Matan da ke wanki sun miƙe tsaye da kumfa a hannu suna kallona. Can sai ga wani tsoho ya hito ta bayan bauren da sanda, ya ƙare mani kallo daga kai har ƙafa, yac ce, "Samari, yaushe anka kai ka, ba mu ji ba?"

Shi ne Sarkin Ruwan Gungu. Shi yaf fassara mani abin da niy yi, bayan ya gama dariyar da har sai da yad dafa icen. Ƙasar tsibirin ba ta riƙe kabari, kana haƙa kaɗan sai ruwa. Don haka tun kakanni in an yi rasuwa, a jirgi ake ƙetarar da mamaci zuwa tudu. Kuma ta wanga mashigi kaɗai ake hita da shi. Ba a wanki nan, ba a kamun kifi, ba a ɗaure jirgi, duk Juma'a ana share shi. "Ba haramun na ba," in ji shi, "kunya ta. Hanyar waɗanda sunka riga mu ta. Ni dai tun tasowata hita nis sani ana yi ta nan. Shigowa kam, kai na farko." Kafin in matse wandona gari duk ya ɗauka, an raɗa mani suna: Ya-dawo.

Abin da yak kai mu kuwa, sai da munka shiga wani zaure a tsakiyar garin nig gane shi. Shekarar da babban ruwa yac ci rabin Gungu, gidaje da yawa sun kwashe sun koma birni, jikokinsu yanzu ko sunan wurin ba su sani ba. Shi ne Sarkin Ruwa yab bi su gida-gida shina roƙon kowane gida abu guda. Ga su nan rataye jikin bango: komar kamun kifi ta wani gida, gorar ninƙaya ta wani, zagon sukar kifi, tsohuwar fitila, har da akushin da wata amarya taz zo da shi. Ba ya ba da labari a zaune. Sai shi tsaya gaban abu, shi dafa shi, sannan shi faɗi masu shi da inda sunka koma.

A ƙarshen bangon akwai turken rataya guda ba komai bisansa. Yac ce na gidanmu ne. Nan yab ba da labarin baban Tsohuwa. In fatake sun koro shanun mahautan birni sunka ishe gulbi ya cika, shi ake kira. Sai shi zaɓi bijimin da garken ke bi, shi ɗaura igiyarsa a gindin jirgi, shi tuƙa shina yi mashi magana a hankali, sauran duk su faɗa ruwa su biyo, ƙahoni kaɗai kake gani. Wurin karɓar shanu ne wani saurayin mahauci yag ga ɗiyarsa tana kawo mashi abinci, daga nan sai yaƙ ƙara yawan zuwa karɓar shanu, har da ranar da ba shanu.

Zan faɗi gaskiya ko tana da ɗaci: Furofesa ya iya tambaya. Shi yat tono sunayen unguwannin da ruwa yac ci, shi yas sa tsohon ya tuna inda kasuwar kifi take da. Har Sarkin Ruwa na dafa kafaɗarsa shina ce mashi "ɗana". Na ga abin na neman wuce ni, nic ce bari ni ma in jefa tawa. "Baba, akwai kada a gulbin ga?" Wani daga baya yac ce, "Ya-dawo na tsoron mutuwa ta biyu!" Zaure yaɗ ɗauka. Ban ƙara tambaya ba.

An kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, irin wadda ba ka samu a birni ko nawa gare ka, kifin da safen nan shina ruwa. An tura ma Furofesa kai da tsakiya. Ni wutsiya, ina zaune cikin aron wando da bai kai mani idon sawu ba. Amma na rama a tuwo, wannan kam ba wanda yar riga ni.

Da azahar munka juyo, ta mashigin masu rai, mai jirgi riƙe da bayan rigata har sai da munka wuce bauren. Muna hawa kwalta sabis ya dawo, Furofesa ya saki bidiyo tun shina bayana. Waya ta dinga ƙara a kunnena har gida. Wani daga Kano wai kakansa ɗan Gungu ne, tarunsa na kamun kifi na nan za shi aiko. Wata wai yau tas san dalilin da kakarta ba ta cin kifin kasuwa. To wannan duk na yafe. Abin da ban yafe ba, guntun da anka fi kallo shi ne tsallena. Na yi shekaru ina barkwanci a shafin ga, ku ɗin nan kuna wucewa awa ba ku gani ba. Rana ɗaya da duniya tak kalle ni, a shafin wani tak kalle ni.

Abin da tahiyar ga tak koya mani ba shi da yawa. Duk mai tsoho a gida shi zauna shi tambaye shi daga ina anka hito, tun ana iya ba shi amsa, don na ga kayan da jikokin masu su ba su san ma da su ba. Sannan in ka isa baƙon wuri kag ga waje mai kyau ba kowa, ba wayo kah hi su ba. Tambaya.

Mun ishe Tsohuwa bisa tabarma bayan la'asar. Furofesa ya kara mata waya kusa da ido. Tana gani tana gyaɗa kai, har anka zo wurin bauren. Tac ce, "Tsaya. Mai da baya." Ta daɗe tana kallo. "Ta nan anka hita da innata. Ina tsaye bayan icen ga, mata ba su rakiya, ina kallon jirgin har yash shige ciyawa." Ta share ido da bakin zane. Sai bidiyo ya ci gaba, sai ga ni na hito daga ruwa awa ɗan maraƙi ina kwarma sunanta. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da tan numfasa tac ce in sauko da filafilin. Na sauko da shi, na share ƙurar da hannun rigata, na tsaya. Ta karɓa ta miƙa ma Furofesa. "Naka na. Ka kai shi bisa turken can, shi koma cikin 'yan uwansa."

Nic ce ban yarda ba. Mashin nawa, mai nawa, dundun da nish sha a kansa nawa. Furofesa yac ce, "Haba bawana, kwantar da rai, zan sa sunanka a ƙasan bidiyo." Nic ce shi riƙe bidiyonsa, a tambayi duk Gungu wa yaf fara taka ƙasar, ni ko shi? Gwaggo da taz zo tarbar ɗanta ta sa baki, babana ya sa baki, tsakar gida ta kaure, ni kuwa sai ƙara ɗaga murya nike ina cewa gadona ne, ba mai raba ni da gadona.

Tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. "Maigida, ta ina kat taka ƙasar?"

Nic ce, "Ta wurin bauren."

"To a garinmu wanda yab bi ta mashigin gawa ba ya cin gado, shi ake gada. Miƙo mani makullin mashin ɗin ga ma."