Usta Ɗantsoho da Lambar Injin Alhaji Munir

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi.

Usta Ɗantsoho, wato babban makanike a bakin mutanen Sudan, maƙwabcina ne a unguwar Umbadda ta Omdurman. Kakansa ya baro Haɗejiya da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya zauna. Shi kuwa jikan ya yi shekara arba'in da biyar yana kanikanci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. A kan injinan ban ruwa masu silinda ɗaya ya koyi aiki, har ya kai idan ya dubi zaren kusoshin tsohon inji da yadda aka zuba ƙarfensa, sai ya faɗi zamaninsa. Amma ba ya yanke shekara sai ya ga lamba. Yakan ce mini: "Malam, ku ba ku karɓar hadisi sai da isnadi. To, lamba ita ce isnadin inji." Ba shi da gona, ba shi da gidan kansa. Abin da ya mallaka shi ne, idan ya faɗi magana a kan inji, an yarda.

Alhaji Munir Maiturare, attajiri a Omdurman, ya gaji wata mota mai silinda ɗaya wadda ta fi kama da keken doki. Wata ƙungiya a Turai, mai rajistar motocin da aka ƙera kafin 1905, ta ce za ta aiko masani ya duba ta. Sai Alhaji ya kira Ɗantsoho domin ya fara tabbatar da shekarar.

Ɗantsoho ya tarar bawul ɗin shaƙar mai ba shi da sandar da ke tura shi, zuƙar fistin ce ke buɗe shi, wannan kuwa alamar tsufa ce. Saura lamba, wadda aka buga a jikin akwatin injin na alminiyam, dauɗar shekara ɗari ta binne ta. Mako uku yana jiƙa wurin da kananzir, yana ɗaye dauɗar da tsinken itace don kada ya karce. Lambobi biyu suka bayyana, saura uku. Sai yayarsa Sittana ta rasu a Maiwurno, ya tafi zaman makoki.

A bayansa Alhaji ya ga abin kunya ne baƙo ya taso daga nesa a nuna masa kaya da datti. Ya kira Hamuda, mai fentin manyan motoci, shi kuwa ya bi akwatin da injin gurza har ya yi ƙyalli kamar faranti.

Da Ɗantsoho ya dawo, Alhaji ya tare shi da dariya. "Ya usta, ka ga amarya? Abin da kake tsakura mako uku kamar kaza, Hamuda ya gama tsakanin azahar da la'asar."

Ɗantsoho ya shafa wurin, ya ji santsi. "Ina lambar, ya haj?"

"Ma'alesh, ba komai. Ba kana da ƙarafan buga lamba ba? Ka san shekarar. Buga wadda ta dace, halas, shi ke nan."

"Zato nake yi, ban sani ba. Biyu na gani. Sauran ukun a ina zan samo su, a kwalbar turare?"

"Kanikanci na kira ka, ba limanci ba."

"Shaidar zur ce, ya haj, ko da guduma aka yi ta."

Ya tattara kayan aikinsa ya fita. Alhaji ya sa wani ya buga lamba. Masanin ya zo, ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman abu a kai, ya ga bugu sabo a kan ƙarfen da aka gurza, ya rubuta cewa lambar jabu ce.

Daga nan Alhaji ya riƙa faɗi a kasuwa da wuraren ɗaurin aure cewa tsohon makaniken nan ne ya ɓata masa mota. Mutane suka gaskata, domin shi aka sani a kan aikin. Ba a sake kawo masa tsohon inji ba, ya koma gyaran risho a ƙofar gida. Na raka shi wurin Alhaji muka roƙa ya gyara maganarsa a gaban jama'a. Ya ba mu shayi, ya ce abin ya wuce, a bar tone-tone.

Ɗantsoho ya rasu wata biyu kafin yaƙi ya ci Khartum, kuma har a wurin jana'izarsa na ji wani yana raɗa zancen lambar. Ni na ga ƙarafan buga lambarsa a kulle a ɗakinsa tsawon kwanakin da aka buga lambar nan. Ina shaida cewa ba hannunsa ba ne. Allah Ya gafarta masa, Ya yi hukunci tsakaninsu.