Tattabarun Baba a Lambun Madam

Ba na son warin sabon fenti a jikin katako. Ko ta tagar trotro, motar haya, ya shigo mini, sai in koma 'yar shekara tara riƙe da hannun Baba a bakin titi.

Baba mai kula da lambu ne a gidan wata Baturiya, can unguwar manya da ke bayan unguwarmu, Nima. Da aikin nan muke ci, mu bakwai a ɗaki ɗaya. A shekarar ne yanar ido ta fara rufe masa gani, yana ta ɓoyewa, har ya taɓa nome furanni a zaton ciyawa ce. Kukun gidan ya tsegunta masa cewa Madam ta fara cigiyar saurayi mai jini a jika da zai maye gurbinsa. Kun san wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da za ta yi tafiya, sai ta sa shi ya zaɓo gidajen tsuntsu uku ya rataya a bishiyar mangwaro kafin ta dawo. Baba ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don tun yana saurayi yake kiwon tattabaru a akwatunan tumatir a kan rufinmu. Ya tafi da ni wurin kafintoci, wai rakiya, alhali idona yake aro.

Ban taɓa ganin gidajen tsuntsu masu kyau irin na ranar ba. Wani kamar coci, wani kamar jirgin ruwa, wani bene ne har da 'yan tagogi. A kan benen na nace. Baba ya laluba ƙofarsa, yatsa biyu kawai suka shiga.

"Wannan wa zai kwana ciki? Sauro?"

Kafintan ya yi dariya, ya faɗi wata magana da yaren Twi. Baba ya ture duk masu kyan, ya ɗauki uku masu faɗin baki, ya sunkuyo ya raɗa mini, "Kore ne?" Na ce kore ne.

Mako guda suna rataye, ko kanari bai leƙa ba. Baba ya daina cin abinci sosai. A wurinsa gidan tsuntsu ba tsuntsu shaida ce cewa mai zaɓen bai iya ba. "Madam zai ce na tsufa," yake faɗa wa Mma, mahaifiyata. Sai ya zuba tattabarunsa shida a kwando ya kai su lambun. Kafin ya iso gida suna kan rufi suna kuka. Sau uku ana haka, maƙwabta na tsokanarsa wai tsuntsayen sun fi shi sanin hanyar Nima.

Ana jibi Madam za ta dawo, ya kira ni bayan ɗaki. Ni na riƙe su, shi yana fige dogayen gashin fikafikansu. Zuciyar kowacce tana bugawa a tafina, shi kuma yana ba su haƙuri ƙasa-ƙasa kamar mutane. Na yi kuka, bai hana ni ba.

Ranar dawowarta ya sa na saka kayan sallata, don in ga yadda za a yaba masa. Muka tarar da tattabaru suna tafiya a ciyawa kamar agwagi, kashi ya ɓata kujeru. Madam ta ɗaga ɗaya, ta buɗe fiffiken, fuskarta ta yi ja, ta hau faɗa da Turanci.

Kuku ya fassara wa Baba maganarta, "Papa, ya ce gidan na ado ne kawai. Ba ya son tsuntsu ciki koraa, ko kaɗan. Ya ce kai mugu ne."

Baba ya cire hula ya durƙusa mata a gabana, da furfurarsa, yana roƙo da Hausa, da Twi, da guntun Turancinsa. Ta karɓi makullin ƙofa, ta sallame shi. Tattabarun ma ta hana shi, wai za ta yi jinyarsu.

Ta yi jinyar kuwa. Da ruwan farko ya sauka gashinsu ya fito, suka dawo rufinmu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin kokon da Mma ke sayarwa ya kasa riƙe mu, har mun fara kwana da yunwa. Baba ne ya yanka su da kansa, yana shafa kowacce ya gane ta kafin ya sa wuƙa. Bai ko ɗanɗana romon ba. Ni na ci, har na suɗe kwano, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau.

Yanzu inda ɗakinmu yake bene ne, kuma da wuya ka ga akurkin tattabaru a layin. Allah ya ba ni ɗan fili a bayan gidana. Kullum da safe ina watsa wa tsuntsaye gero, amma ban rataya komai ba. Wanda ya ci, ya tashi da fikafikansa.