Kafin Lambar Ta Yi Ja

Ko da zan manta komai na shekarar da mahaifinmu ya rasu, ba zan taɓa manta wata Juma'a da la'asar a falonmu na Agege ba, ranar da Baba ya ƙi amsa gaisuwa.

Baba mahauci ne, a kwata ya ƙare rayuwarsa kamar kakanmu. Yayana, wanda shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, ya ce shi ba zai riƙe wuƙa ba, ya samu gurbin karatu ya tafi Masar. Ko rakiya Baba bai yi masa ba, balle ya sa masa albarka. Shekara biyu ba su yi magana ba. Ni na yi ta lallaɓa Baba har ya yarda su riƙa ganin juna ta tsohuwar kwamfutar da nake buga wa mutane takardu da ita, don lokacin manyan wayoyi ba su zo hannun irinmu ba.

Kiran farko ya kusa rusa komai. Suna tsakiyar magana kwamfutar ta ɗauke ɗif. Yaya ya ɗauka Baba ne ya kashe don fushi, Baba kuma ya rantse yaron ne ya katse shi. Washegari na ɗauke ta na hau danfo, motar hayar Legas, zuwa kasuwar kwamfutoci ta Ikeja. Mai gyaran, wani Bayarabe mai jin Hausa, ya kunna ta, ba a jima ba ya taɓa ƙasanta ya janye hannu da sauri.

"Anti, zafi ne ke kashe ta. Ki bar min ita kwana biyu in buɗe cikinta."

Na ƙi. Na sha jin labarin yadda masu gyara ke musanya wa mutane kayan cikin na'ura, ni kuma lokacin ina ji da wayona. Ya girgiza kai, ya sa min wata 'yar manhaja mai nuna zafin cikin kwamfutar a gefen allo. Lamba ce kawai. Idan ƙalau take sai ta yi kore, in ta hau ta koma rawaya, in ta kai tasa'in ta yi ja.

"Da kin ga ja ki yi sallama," in ji shi. "Ba za ta ƙara minti biyu ba."

Baba bai yi boko ba, amma mutumin da ya shekara arba'in yana kallon sikeli lamba ba ta ɓace masa. Ya sa wa abin suna zazzaɓi. Duk Juma'a zai saka farar rigarsa, ya zauna a gaban kwamfutar, ido ɗaya a kan ɗansa, ɗaya a kan lambar. Daga kore zuwa ja ba mu fi samun minti goma sha biyu ba, ga shi Baba mutum ne mai doguwar gaisuwa. Sai ya tambayi lafiya, da gajiya, da abokan zama, da malamai, har da mai gidan hayar da bai taɓa gani ba. Daga nan sai labarin kwata, wa ya rasu, wa ya aurar da 'ya. Kafin ka ankara ja ta bayyana, sai ya ce, "To, zazzaɓi ya tashi, sai wani makon."

Ni kuwa na san abin da ke bakinsa, don ya sha gaya min, "Mako mai zuwa zan faɗa masa na yafe." Har tsokanarsa nake yi, in ce Baba kai da zazzaɓin nan kun haɗa baki. Sai ya yi murmushi ya kau da kai.

Aka wayi gari ciwon ciki ya matsa masa, likita ya sa ranar Litinin za a yi masa aiki. Juma'ar nan ya aika kwata aka kawo masa ƙaton curin ƙanƙara a buhu. Ya ɗora faranti a kai, ya ɗora kwamfutar a kan farantin, ya miƙo min kwali ya ce in yi ta fifita. Sai kuma layi ya ƙi shiga. Muka yi ta kira, lambar tana ta hawa. Kafin fuskar Yaya ta fito har an shiga rawaya.

"Baba, ina wuni, yaya jikin..."

"Bar gaisuwar nan," in ji Baba. "Saurara."

Tunda nake ban taɓa jin ya katse wa ko almajirin kwata gaisuwa ba. Kwalin ya tsaya a hannuna.

"Ranar da za ka tafi, ina tsaye a bayan taga har motarka ta sha kwana. Girman kai ne ya hana ni fitowa. Ba ka yi min laifin komai ba. In ma ka yi, na yafe duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka, ya sa karatun nan ya amfane ka."

Lambar ta yi ja. Yaya ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya ɗago ya ce, "Baba, ni ma..." Allon ya yi baƙi.

Na ce mu jira ta huce mu sake kira. Baba ya miƙe, ya ce, "Bar shi. Na ji kaina na faɗa, sauran sai na fito daga asibiti." Bai fito ba. Kwana biyu bayan aikin Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na mayar da kwamfutar wurin mai gyaran nan, na ce ya buɗe, kome zai faru ya faru. Ko rabin awa bai yi ba. Ƙura ce ta toshe fankar ciki, ya zaro ta dunƙule guda kamar audugar matashi, ya miƙo min in gani. Tun daga ranar lambar ba ta sake barin kore ba. Ni da Yaya mukan yi awa biyu muna hira, kuma har yau in na kalli gefen allon sai in ji ina kewar dattijon nan mai farar riga, ina ma a ce yana zaune yana tambayar lafiyar mai gidan haya.

Abin da ranar ta koya min shi ne, maganar da ta fi nauyi a ranka ita za ka fara faɗa tun lambar tana kore. Baba ya samu ya faɗi tasa. Yaya har yau tasa tana bakinsa.