Injin da ya yi yanar ido

Jama'a, yau na ga ƙarfe mai ido!

Da hantsi na rufe karofina na rini na tafi biro, wato ofis, tare da ɗiyata Rabi, a fitar mini da kwafin takardar haihuwarta. Yau ake rufe karɓar takardun jarrabawa a Maradi, motar can kuma tana ta lodi.

Mushe Issufu, wato Malam Issufu mai kula da injin kwafi, ya danna. Takarda ta fito fara fat, rubutun kamar sawun tururuwa! Ya sake dannawa. Haka dai.

Na ce, "Mushe, ruwan tawadarka ya salamce."

Ya ce, "Haba Baba! Akwai fitila a ciki tana haska ruwan, da ido a gefe guda yana duba kaurinsa. In ya tsinke, da kansa yake ƙara tawada."

Na ce ya buɗe. Na tsoma farin zare yadda muke gwada ruwan baba a wurin rini, na ɗaga shi ga rana. Ko kama shi bai yi ba! Na leƙa gilashin idon, sai ga baƙin datti ya rufe shi ruf. Ashe duhu yake gani, ya ɗauka ruwa ya yi kauri!

Na goge da bakin rawanina. Sai ƙararrr, inji ya tsiyaya tawada da kansa! Allahu akbar! Takarda ta fito da rubutu baƙi wuluk, Rabi ta fizga ta ruga tasha.

Mushe ya riƙe baki. "Baba, a wace lakwal, wace makaranta ka koyi wannan?"

Na nuna mishi shuɗɗan hannuwana.